Saƙon Malam da Hasumiyar Badun

Tun da na dawo daga Badun bakina bai huta ba. Wadda ta zo gumin shinkafa sai ta tambaya, wadda ta zo sannu da zuwa sai ta tambaya, har waɗanda suka ji sau biyu sai su dawo da maƙwabtansu a sake daga farko. Ni kuwa da na kai wani wuri a labarin sai kuka ya ƙwace min, a koma ba ni haƙuri, labari ya yanke. Shi ya sa na ce da surukata Hassana, tunda ita ta yi boko, ta ɗauko takarda in faɗa sau ɗaya ta rubuta. In na yi kuka ta ajiye biro ta jira ni.

A ƙauyenmu na bakin kanal, tsakanin Kura da Bunkure, Iya Abu ake ce min. Mijina Malam, Allah ya jiƙansa, ya rasu bara ana girbin shinkafar damina. Manomin tumatir ne. Tun da aka kawo mana ruwan dam ɗin Tiga yake bin mota da kwandunansa zuwa Badun kowane rani, sai da ƙafa ta hana shi. Mai masaukinsa a can wani Bayarabe ne, Baba Lasisi. Ban taɓa ganinsa ba, amma na san shi kamar ɗan gida, don Malam ba ya dawowa sai da labarinsa: yadda mahaifiyarsa take ajiye wa Malam abinci, da yadda duk Juma'a in sun sauko daga masallaci suke hawa wata hasumiya a kan dutse su zauna suna cin gyaɗa suna kallon gari.

Da tsohuwar ta rasu, Baba Lasisi ya aiko wa Malam turmin atamfa, ya ce ya ɗinka ya zo bikin da za a yi mata, akwai kiɗa da abinci. Malam ya ji abin ya yi masa nauyi. Mu a nan sadakar uku muka sani da ta bakwai da ta arba'in, a yi addu'a a watse. Sai ya aika masa da magana ta bakin direba, cewa shi ba ya rawa a kan gawa. Daga ranar zumunci ya yanke. Malam ya sauya masauki, daga baya ma ya daina zuwa. Atamfar kuwa ya jefa ta ƙasan akwati a ledarta, shekara goma sha biyu ba wanda ya warware.

Kwana biyu kafin ya cika ya kira ni, ya ce, "Abu, nauyin mutum ɗaya ne a kaina. Ki kai wa Lasisi atamfarsa, ki ce na ajiye. Ki roƙar min gafararsa." Na ce a ina zan same shi a garin da ban sani ba? Ya ce in hau hasumiyar nan, in juya wa alƙibla baya, zan hango gida mai koren kwano kusa da wani ƙaramin masallaci. Iyakar kwatancen ke nan.

Na gama takaba ban iya cin abinci ba. In na ɗauki loma sai in tuna Malam yana kwance da haƙƙin mutum a kansa, shi kuma mutumin tsoho ne, ban san ko zai jira ni ba. Na ce da ɗana Sale mu tafi. Ya yi ta kawo uzurin albasarsa da ranar ban-ruwansa, na ce to ya zauna da albasa, ni zan tari mota. Da ya ga da gaske nake sai ya bar wa maƙwabcin gonarsa amanar ruwan. Dije kuwa, ƙanwar Malam, ba wanda ya gayyace ta. Ta ɗauro kayanta ta ce ba za ta bar matar yayanta ta je ta ba su kunya a ƙasar Yarabawa ba. Tun ina amarya muke tsokanar juna da ita, yanzu duk ba haƙora amma ba mu daina ba.

Tsarabar da na haɗa ita ce shinkafa gumin hannuna, da kauɗar tumatir, da man shanu cike da roba da na saya wurin Fulanin bayan garinmu. Man na cusa cikin jakar tufafina don kada ya ɓata. Atamfar kuma na riƙe a cinya.

A Garun Mallam muka tari doguwar bas da ta taso daga Kano, da hantsi. Har Zariya na san hanya, daga nan komai baƙo ne. Dije ta kama hira da wata Bayarabiya mai sayar da robobi da ke gefenmu. Matar ba ta jin Hausa sosai, Dije ba ta jin komai sai Hausa, amma kafin Kaduna sun san 'ya'yan juna da ciwon ƙafar juna. A Mokwa muka kwana, a wani ɗakin mata na matafiya, tabarma a ƙasa, kowa da ƙunshinta a matsayin matashi.

Da safe na buɗe jaka zan sauya zane, sai na tarar da ɓarna. Ashe kusa da inji aka ajiye jakar. Man shanu ya narke, murfi ya buɗe, zannuwana uku da rigunansu sun sha sun ƙoshi. Dije ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai ba a yi asara ba, in mun isa sai a tsoma ni a tukunyar miya. Ni ma sai na ji ina dariya, karo na farko tun rasuwar Malam, hawaye na bin dariyar.

Da muka hau gadar Jebba direba ya ce daga nan an bar Arewa. Na yi bisimilla na rufe ido, Dije kuwa ta manna fuska a gilashi. Abin da ya dame ta shi ne ruwa mai yawan nan yana wucewa ba wanda ya yanka masa kanal. Ta ce da mutanen Kura aka ba, da tuni an shuka albasa har ƙarƙashin gadar. Bayan Ilori aka tsaya cin abinci, aka kawo mana wani baƙin tuwo mai laushi da suke kira amala. Dije ta mayar da nata, wai ya ƙone. Mai abincin ta rantse haka yake, muka ci. Miyar da aka zuba masa, mai yauƙi, ina ɗanɗanawa na gane lalo ce, irin wadda ke fitowa a gefen gonakinmu ba wanda ya shuka. Sai dai barkonon da suke sawa, sai ka ce faɗa ake da baƙo.

A Badun muka sauka Sabo, unguwar Hausawa, a gidan wani mai goro da mahaifinsa ɗan Bunkure ne. In ka rufe ido a Sabo sai ka ce Kano kake, ga mai shayi, ga mai tsire, ga kiran salla. Matarsa ta karɓe mu hannu biyu, ta share mana ɗakinta. Na yi zaton da na ce Lasisi za a nuna min gida, in huta da hawan dutse. Ashe sunan kamar Audu yake a wurinmu. Kwana biyu Sale yana yawo da mai masaukinmu. An kai su wurin Lasisi tela, ɗan shekara talatin. An kai su wurin Lasisi makanike. Na uku an ce ya rasu, na zauna na yi kuka sosai kafin a gano shi mahauci ne, bai taɓa taɓa kwandon tumatir ba. Tsofaffin kasuwa da suka san Malam kuwa wasu sun mutu, wasu sun koma gida. Ba abin da ya rage sai kwatancen Malam.

Mun baro gida ana tsakiyar rani, amma a can ruwa ya riga ya sauka. Zannuwan da na wanke ga maiƙo ga danshi, na jikina kuma ya yi kwana huɗu, har ni ina jin kaina. Dije zane biyu ta zo da su, ɗaya na jikinta ɗaya na kan igiya. Ban iya roƙon matar gida ba bayan ɗakin da ta ba mu. Sai Dije ta ce in ɗaura atamfar Malam mana, in mun dawo a ninke, wa zai sani? Na yi ta jan jiki, daga baya na warware. Sai ga hoton wata tsohuwa da ƙaton ɗankwali an buga a jiki, wuri-wuri, da rubutu kewaye da kowanne. Ranar na gane abin da ya ƙara tsorata Malam, ko da ta cikin leda ya hango. Na nemi gafarar Allah, na ninka biyu na ɗaura, na zura dogon hijabi na rufe.

A keke mai ƙafa uku muka hau dutsen, yana nishi muna nishi. Hasumiyar doguwa ce siririya, Dije ta ce rumbu ne aka manta ba a zuba hatsi ba. Mai gadin wurin dattijo ne, ya yi zaman Sabon Garin Kano yana saurayi, Hausarsa ta fita. Na tambaye shi ko masallaci ne a da. Ya ce a'a, don tunawa da mutum aka gina ta. Wani Bature ne, cikin na farkon da aka turo garin zamanin da Yarabawa ke fama da yaƙe-yaƙe a tsakaninsu. Ya faɗi sunansa, bai zauna a bakina ba. Ya ce wasu tsofaffi suna tuna shi da zafin hannu, wasu kuma suna cewa a lokacinsa ne aka samu hanya ta buɗe, mutum ya je kasuwa ya dawo ba a kama shi ba. Bayan ya mutu sai manyan gari suka ce a yi masa abin da za a riƙa gani daga ko'ina. Ya nuna mana allon da aka rubuta haka. Ya ce an yi shekaru wurin ya koma kango, ciyawa ta cinye hanya, har mutane na tsoron zuwa, daga baya aka gyara. Su dai mutanen gari ba sa kiranta da sunan Baturen, Layipo suke cewa, saboda matakalar ciki murɗawa take tana zagaye.

Na tsaya ina kallonta ina tunanin kabarin Malam. Tudun ƙasa ne da fasasshiyar tukunya, nan da damina biyar ko Sale sai ya yi kirdado. Ban ce namu ya fi ba, ban ce nasu ya fi ba. Kowa da yadda yake hana kansa mantuwa.

Matakalar ƙunci gare ta, mutum ɗaya take ci. Sale ya wuce gaba, ina biye, mai gadi a bayana don kada in faɗo, Dije a ƙarshe. Na fara ƙirgawa, kaina ya juya na bari. Hijabin yana taɗe ni, dole na tattare shi na saɓa a kafaɗa. A tsakiya Dije ta zauna ta ce ita nan ta tsaya, ba sama ba ƙasa, in mun dawo mu biya ta kanta. Na ce mata ai ke kika zo hana ni ba ku kunya. Ta ce gwiwa ba ta san kunya ba.

Na isa sama da rarrafe. Da na miƙe na riƙe ƙarfe sai iska ta buge ni, ga gari shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Na tambayi alƙibla, na juya mata baya yadda Malam ya ce. Kwanuka ne dubbai, duk sun yi tsatsa, launi ɗaya kamar an shanya barkono ya bushe. Masallatai ƙanana kuwa ba su ƙirguwa. Koren fentin da Malam ya sani ruwan shekaru ya wanke shi. Sale ya duba, ya sake dubawa, bai gano ba. Na zauna a wurin na fashe da kuka, ina cewa Malam na zo inda ka ce, ban gani ba.

Mai gadi ya bari na ɗan lafa, sannan ya ce, "Mama, ki yi haƙuri da tambaya. A ina kika samu zanen nan?"

Kunya ta kama ni, na jawo hijabi zan rufe. Ya ce tun a matakala yake karantawa. Ya ce wannan ankon rasuwa ne, ga sunan tsohuwar, ga sunan babban gidansu a ƙasa, don su kowane gida da sunansa, ko yaro ka tambaya zai kai ka. Ya miƙa hannu ya nuna wani wuri a gindin dutsen, ya ce ga shi can, shi kansa ya ci shinkafar bikin. Shekara goma sha biyu kwatance yana kwance a ƙasan akwatinmu. Sale ya dafe kai. Dije ta ɗago murya daga cikin matakala tana tambayar me aka gani, aka gaya mata, ta ce ai ita ta ce a ɗaura, kada a manta.

Gidan babba ne, ɗakuna a jere. Samari suka fito, suna ganina suka kwanta rub da ciki a ƙasa, na ja da baya na zaci wani abu ya same su. Ashe gaisuwa ce. Baba Lasisi yana zaune a baranda, ɗan tsoho fari-fari, ido ɗaya ya mutu. Na durƙusa na gaishe shi. Sale ya faɗi daga inda muke. Tsohon ya ambaci sunan Malam, wanda ni ba zan faɗa ba, ya tambaya yana ina. Na ce ya riga mu.

Tsohon ya gyara zama. Da ya buɗe baki faɗa ya fara. Ya ce wato ya mutu ma ba a aiko masa ba, laifi ya zama biyu. Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Ya ce in san abin da ya yi masa ciwo. Ya ce a wurinsu wanda ya tsufa ya ga jikoki ya tafi, ba kuka ake yi ba, godiya ake yi wa Allah. An yi wa mahaifiyarsa salla, an binne ta yadda addini ya ce, malamai sun yi karatu, biki daga baya ne. Zanen nan kuma iri biyu aka buga, na jama'a daban, mai hoto na 'ya'yanta ne kawai. Ita ta ce tun tana raye a sa ɗanta Bahaushe a ciki. "Rabon ɗa na aika masa," in ji shi, "ya aiko min da zagi."

Na ce Malam bai san haka ba, ni ma yau na sani. Na ce ban zo kare shi ba, roƙo na zo yi. Ina magana ina kuka, hijabi ya zame, idonsa ya faɗa kan zanen. Ya sunkuyo ya ƙura wa hoton ido. Ya ce wa ya ce in ɗaura? Na ga ba ranar ƙarya ba ce, na ba shi labarin man shanu tun daga Mokwa. Dije ta ƙara da nata, har da yadda na kwana ina ƙamshin miya. Tsohon ya fara dariya, tari ya sarƙe shi, aka kawo ruwa, ya sha ya ci gaba. Sannan ya kama bakin zanen ya murza a yatsunsa, ya ji karauninsa na sabo bai fita ba.

Ya ce, "Ashe bai yar ba." Hawaye na zuba daga idon mai gani da wanda ba ya gani. "Na yafe masa, duniya da lahira. Ni ma na yi shekara goma sha biyu ina jiran ya fara zuwa, alhali na san hanyar Kura. Ya yafe min?"

Na ce wanda ya aiko neman gafara ai ya riga ya yafe.

Na zaci an gama, ashe a wurinsu sai an ci an sha. Ya hana mu komawa Sabo, aka ɗebo kayanmu. Ya ce zanen nawa ne, rabon mijina ne na gada. Washegari da safe malamansu suka zo suka yi wa Malam karatu da addu'a, kamar dai a gida. Da azahar aka dafa shinkafata a manyan tukwane, aka haɗa da tasu, 'ya'ya da jikoki suka cika gida, masu irin zanena suka ɗauro nasu da ya koɗe. Sai ga makaɗa da kalangu. Na ce a raina yau ga abin da Malam ya guda. Baba Lasisi ya aiko a gaya min ba dole, in zauna kawai in gani. Na zauna na gani. Wata tsohuwa, ƙanwar Baba Lasisi, ta riƙa waƙa tana ambaton Malam, mai gadi da aka gayyato yana fassara min: mai kwandon da ba a samun ruɓaɓɓe a ƙasansa, baƙon da ya zama ɗa. Ban taɓa jin an yabi mijina a bainar jama'a haka ba. Ni ban yi rawa ba, ko me Dije za ta faɗa muku. Ita ce ta tashi, gwiwar da ta ƙi matakala ta warke nan take. Sale ya ce ya ga kafaɗata tana motsi. Ban musa ba, na ce kuka ne.

Kwana uku muka ƙara. Suka haɗo mu da goro da doya da manja, wannan karon na sa aka ɗaure shi a saman mota nesa da tufafina. Baba Lasisi ya rako mu bakin ƙofa da sandarsa, ya ba ni saƙo ya ce kada in rage ko kalma.

Mun iso gida da la'asar. Ban shiga ɗaki ba, ban wanke ƙafa ba. Na tura Sale maƙabarta ya yi wa mahaifinsa addu'a, ni kuma na tsaya a kan gaɓar kanal inda ake hango itatuwan wurin. Na ce, "Malam, na isar. Ya yafe. Ya kuma ce in gaya maka duk da haka kai ka fi shi taurin kai."

Sannan na koma gida na ce da Hassana ta zubo min tuwo. Na cinye malmala biyu, na tambaya ko akwai saura.